Shawara kan mariƙin batir na kamara

Ƴan uwa masu ɗaukar hoto a Damagaram, duk wanda yake wuni a ƙofar fadar Sarki ranar hawan Sallah ya san cewa batir guda ba ya kai mutum yamma, shi ya sa nake ba da shawarar mariƙin batir da ake ɗaurawa a ƙarƙashin kamara. Yawancinsu suna ɗaukar batir 2, kuma suna da maɓallin ɗauka na biyu, wanda yake hutar da wuyan hannu idan an juya kamara a tsaye don ɗaukar hoton mahayi da dokinsa.

Kafin ku saya, ku tabbatar an ƙera shi domin samfurin kamararku, domin na wata ba lalle ya shiga ba. Ku kashe kamara kafin ɗaurawa, ku murɗa ƙusar ta zauna daram. Idan sai an cire murfin batir, ku adana shi, don samun wani a kasuwarmu da wuya.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙurar hunturu: idan ta kwanta a kan ƙarafunan da wuta ke bi, kamara takan mutu ana tsakiyar aiki, saboda haka ku riƙa goge su da busasshen ƙyalle mai taushi.