Yadda Ake Haɗa Matatar Ruwa a Tsohon Gida

Kafin ka sayi komai, duba bututun gidan. In na ƙarfe ne da ya yi tsatsa, matata ba za ta hana ruwa yin ja ba, domin tsatsar tana shiga ne bayan an tace. Sai an canza shi da na roba.

Dasa matatar tsakanin injin burtsatse da tankin sama, kada ka sa ta ƙasan tanki inda ruwa ba shi da ƙarfi. Fara da matata mai maikiron 20 (maikiron shi ne ma'aunin girman ƙofofin matata) saboda yashi, sai mai 5, sannan ta gawayi don wari. Sa bawul, wato abin buɗe ruwa da rufe shi, gaba da baya. Da ƙarfin ruwa ya ragu, ta toshe ke nan, canza ta. Yawanci wata 3 zuwa 6 take yi. Gawayi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, don haka a tafasa na sha.