Buga babban hoto a kan takardu da yawa: kurakuran da aka fi yi

Malamin makaranta yana son taswirar Afirka da za ta cika rabin bango, tela yana son zanen yankan riga daidai girmansa, amma firintar da ke hannu A4 kawai take ɗauka. Mafita ita ce a raba hoton gida-gida, a buga, a haɗe. Aikin ba shi da wuya, sai dai takarda da tawada na yawan salwanta a kan kurakuran da za a iya kauce musu.

Babban kuskure tun kafin a kunna firinta ake yin sa: hoton da aka ɗauko ƙarami ne. A fuskar waya ya fito tangaran, amma da aka buɗa shi ya kai mita guda, sai fuskoki su dusashe, rubutu ya koma dabbare-dabbare. Hoton da za a kalla kusa yana son ɗigo wajen 150 a kowane inci, wato faɗin mita ɗaya na neman fiksel (ɗigon da ke haɗa hoto) kusan 5,900. Wanda za a hango daga nesa zai iya wucewa da ƙasa da haka. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne hoton da asalinsa mai kyau ne, amma aka turo shi ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar ta matse shi. Ka ce a turo maka shi a matsayin fayil, ko a kwafo shi a filas.

Sai batun gefe. Yawancin firintoci ba sa kai tawada bakin takarda, suna barin farin layi na 'yan milimita. Wanda ya jera takardun baki da baki zai ga fararen layuka sun ratsa hoton kamar tagar gilashi. A Adobe Acrobat Reader, manhajar buɗe fayil ɗin PDF, zaɓi Poster wajen bugawa, ka sa Overlap, wato ɗorin gefen takarda a kan na kusa da ita, ya kai santimita ɗaya, ka kunna alamomin yanka. Wajen haɗawa, gefe ɗaya kawai za ka yanke da reza da rula, ka ɗora shi a kan na maƙwabciyarsa. Almakashi ba ya miƙe layi.

Wannan ɗorin yana cin wuri. A lissafi A4 takwas ne ke yin babbar takarda A1, goma sha shida su yi A0 mai ninkinta, amma a aikace za ka buƙaci fiye da haka. Duba yawan shafukan da kwamfuta ta nuna. Rage girman kaɗan yakan kawar da jeri guda na takardun da kusan babu komai a kansu.

Duba kuma girman takarda. Wasu kwamfutocin suna kan Letter ta Amurka, mai milimita 216 da 279, alhali A4 tana da 210 da 297. Tela kuwa ya tabbata ma'auni yana kan kashi 100, ya buga shafi ɗaya ya auna da tef kafin ya saki sauran.

Gam mai ruwa yana sa takarda ta yamutse, tawada ta jiƙe. Yi amfani da gam na sanda ko salatif ta baya. Rubuta lamba da fensir a bayan kowace takarda tana fitowa, ka shimfiɗa duka a ƙasa tukuna, sannan ka fara liƙawa daga tsakiya zuwa gefe, don ƙaramar karkata da aka faro daga kusurwa ɗaya takan zama babbar ɓaraka kafin a kai ɗaya kusurwar.