Yadda Ake Magance Kaushi da Tsagewar Hannu Ga Masu Aikin Ƙarfi

Duk wanda ya taɓa gaisawa da birkila, ko bakanike, ko matar da wanki ne sana'arta, a tsakiyar hunturu, ya san yadda aiki yake mayar da tafin hannu. Fata ta yi kauri, ta yi furu-furu, sannan ta dare a gaɓoɓin yatsu da gefen farce, har mutum ya kasa dunƙule hannu ba tare da jini ya tsattsafo ba. Da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin ladan sana'a wanda ba a yi masa magani, alhali kuwa mafi yawansa yana warkewa cikin 'yan makonni idan an bi hanyar da ta dace.

Fatar mutum tana da wani siririn maiƙo a samanta wanda yake riƙe mata ruwa. Abin da yake wanke wannan maiƙo shi ne yake jawo kaushi: omo da sabulun soda, da yawan tsoma hannu a ruwa, da fetur ko kalanzir ɗin da makanikai da masu fenti suke wanke hannu da shi. Siminti ya fi su duka ɓarna, domin idan ya jiƙe ƙarfinsa yana kusa da na soda, yana iya ƙona fata a hankali ba tare da an ji zafi nan take ba, kuma yana ɗauke da sinadarin kuromiyam wanda yake sa wasu ƙaiƙayi da kirci mai dawowa duk lokacin da suka taɓa shi. Idan aka haɗa wannan da iskar hunturu, wadda takan sa danshin iska a Kano da Zinder ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, dole fata ta tsage.

Magani yana farawa ne daga wanki. Bayan an tashi daga aiki, a wanke hannu da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba, da sabulun wanka mara ƙarfi. Wanda hannunsa ya yi baƙin mai ya fara murza man gyaɗa a kai na minti guda, domin mai yana narkar da mai, sannan ya bi da sabulu. Mai aikin siminti kuwa kada ya jira la'asar, ya ɗauraye duk inda kwaɓin ya taɓa tun yana ɗanye.

Ga inda mafi yawan mutane suke kuskure. Basilin da man kaɗe ba sa ƙara wa fata ruwa, tsare wanda yake cikinta suke yi, saboda haka shafa su a kan busasshen hannu ba ya amfani sosai. Abin da ya kamata shi ne, kafin a kwanta a jiƙa hannu a ruwa mai ɗumi na kamar minti 10, a tsane shi da tawul ba tare da gurzawa ba, kuma tun da sauran laima a jikinsa a lafta mai da kauri, a cusa shi cikin kowace tsaga da gefen farce. Daga nan a sa safar hannu ta auduga, in babu ita a zura tsohuwar safar ƙafa mai tsabta, a kwana da ita. A ganina wannan kwanan da mai ya fi duk wani abu da za a saya da tsada, kuma man kaɗe na gida, wanda ba a gauraya shi da turare ba, ya wadatar. Da rana kuma a riƙa shafa kaɗan bayan kowane wanki, har da bayan alwala, tunda ita ma jiƙa hannu ce sau da yawa a yini.

Idan fatar ta yi kanta sosai, akwai man shafawa mai sinadarin yuriya, na kashi 10 cikin 100, a kantin magani, wanda yake tausasa ta. Sai dai yana raɗaɗi a kan tsagar da take a buɗe, don haka a bari ta rufe tukuna. Ana iya rage kaurin da dutsen goge kaushi bayan an jiƙa, a hankali, amma kada a yanke shi da reza.

Tsaga mai zurfi rauni ce, kuma haka za a ɗauke ta: a wanke, a cika ta da basilin, a rufe da filasta kafin a fita aiki, a sake sabo kullum. Ina roƙon 'yan'uwa makanikai su daina ɗiga baƙin mai ko ruwan batir a kan irin wannan rauni, domin na farko datti ne mai guba ga fata, na biyu kuma ƙuna yake ƙarawa. Haka nan mayukan da ake haɗawa don hasken fata, waɗanda galibi suke ɗauke da wani magani mai ƙarfi da ake kira sitiroyid, suna iya kwantar da ƙaiƙayi na ɗan lokaci, amma suna sirantar da fata ta ƙara saurin darewa.

Duk wannan ba zai ɗore ba idan an koma aiki da hannu tsirara. Mai siminti da mai wanki suna bukatar safar roba mai kauri wadda ruwa ba ya shiga, da ta auduga a ciki don tsotse gumi, a kuma juya ta ta bushe bayan aiki. Manomi da mai dako kuwa, safar hannu ta fata ko ta ƙyalle mai kauri ta ishe su.

A tafi asibiti ba tare da jinkiri ba idan wurin ya kumbura, ya yi zafi, yana fitar da mugunya, ko ƙaluluwa ta fito a hammata, ko zazzaɓi ya biyo baya. Mai ciwon suga kada ya jira ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda yake aiki cikin ƙasa da taki ya tabbata ya yi allurar tetanus, wadda ake sabuntawa bayan shekara 10. Idan kuma an yi mako 2 zuwa 3 ana bin wannan tsari ba a ga sauƙi ba, musamman idan hannu ɗaya ne kawai yake saɓa, to likitan fata ya duba, domin yana iya zama kirci ko cutar fungas, kuma kowannensu maganinsa daban.