Yadda nake tura saitunan Nginx daga Git zuwa saba da umarni ɗaya

Nginx manhaja ce da ke miƙa shafukan intanet ga masu ziyara daga saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin. Dokata ta farko ita ce: babu mai gyara fayil a cikin `/etc/nginx`, foldar saitunansa, da hannu, ko da waƙafi ɗaya ne. Gyaran da aka yi kai tsaye a kan saba ba shi da tarihi. Bayan wata biyu ba wanda zai tuna wa ya yi shi, ko don me. Saboda haka saituna suna zama a Git, manhajar da ke adana tarihin gyaran fayiloli, daga nan ne kawai suke tafiya saba.

Kayan aikin duk tsofaffin hannu ne. Make, mai gudanar da jerin umarnin da aka rubuta masa a fayil, tun 1976 yake, Stuart Feldman ya rubuta shi a Bell Labs. An fitar da rsync, mai kwafar fayiloli tsakanin kwamfutoci, a 1996, Git kuma Linus Torvalds ya fara shi a 2005. Idan sabobinka ba su wuce biyu ko uku ba, waɗannan sun ishe ka; Ansible, manhajar sarrafa sabobi da yawa a lokaci ɗaya, sai sun yi yawa.

Ka kwafo `/etc/nginx` gaba ɗaya zuwa kwamfutarka, cikin folda mai suna `nginx`, ka yi `git init` a foldar da ke ɗauke da ita, sannan `git add .` da `git commit`. Amma kafin nan ka tsaya ka duba da kyau: makullan sirri na TLS (tsarin da ke ɓoye bayanai tsakanin shafi da mai ziyara) da fayilolin kalmar sirri ba sa shiga Git. Abin da ya shiga tarihin Git, goge shi daga folda ba ya fitar da shi. Ka ajiye su a wani wuri a saba, wajen `/etc/nginx`, saitunan su riƙa nuna inda suke kawai.

Daga nan sai `Makefile`, fayil ɗin da Make ke karantawa; ka ajiye shi kusa da folda `nginx`, umarnin turawa kuma shi ne `make tura`:

```
SABA = web1 web2

tura:
	test -z "$$(git status --porcelain)"
	set -e; for s in $(SABA); do \
	  rsync -a --delete nginx/ $$s:sabo/; \
	  ssh -t $$s 'sudo nginx -t -c $$HOME/sabo/nginx.conf'; \
	  ssh -t $$s 'sudo rsync -a --delete --chown=root:root sabo/ /etc/nginx/ && sudo systemctl reload nginx'; \
	done
```

Layukan da ke ƙarƙashin `tura:` da maɓallin Tab ake fara su, in ka sa tazara Make zai ƙi. Sunayen `web1` da `web2` kuwa daga `~/.ssh/config` suke, inda ka rubuta adireshin kowace saba da makullinta.

Layin farko a ƙarƙashin `tura:` yana hana turawa muddin akwai gyaran da ba a yi wa `commit` ba. Ta haka abin da ke kan saba kullum yana da lamba a tarihi.

Inda na fi ba muhimmanci shi ne layin `nginx -t`. Sababbin fayiloli ba sa zuwa `/etc/nginx` kai tsaye, sai sun sauka a folda `sabo` an gwada su tukuna, kamar yadda mai girki ke ɗanɗana miya kafin ta zuba wa baƙi. Idan an manta alamar `;` a wani layi, Nginx zai faɗi sunan fayil da lambar layin, `set -e` ya tsayar da komai, saba ta biyu ma ba za a taɓa ta ba. Wasu suna zuba fayilolin a wurinsu su gwada daga baya. Ban yarda da wannan ba, domin Nginx zai ci gaba da aiki da tsofaffin saitunan da ya riga ya ɗauka, ka ga kamar lafiya lau, sai ranar da saba ta sake tashi ya ƙi kunnuwa.

Akwai tarko a nan. Idan `nginx.conf` ɗinka yana cewa `include /etc/nginx/conf.d/*.conf;`, gwajin zai karanta tsofaffin fayiloli ya ce maka komai daidai. Ka mayar da shi `include conf.d/*.conf;`, sai ya nemo su kusa da fayil ɗin da ake gwadawa. Haka ma mahaɗan da ke cikin `sites-enabled` a Debian da Ubuntu, sau da yawa cikakkiyar hanya suke nunawa. Shi ya sa ni nake tara shafukana duka a `conf.d`.

Ka yi hattara da `--delete`: duk fayil ɗin da ke saba amma babu shi a Git, share shi zai yi. Karon farko ka gudanar da `rsync -avn --delete nginx/ web1:/etc/nginx/`. Harafin `n` yana sa ya lissafa abin da zai yi ba tare da ya taɓa komai ba. Ka karanta jerin layi-layi. Kuma kada ka cire `/` da ke bayan `nginx`, in ba haka ba folda zai ƙirƙira a cikin folda.

Na zaɓi `reload` maimakon `restart` don kada a katse wa masu ziyara haɗinsu ana tsaka da aiki.

Idan gyara ya wuce gwaji amma shafi ya rikice, kada ka ruga saba. Ka yi `git log` ka samo lambar gyaran, ka yi `git revert` da ita, sannan `make tura`. Wannan tsarin yana aiki ga wasu manhajojin ma, in dai suna da umarnin gwaji: `sshd -t` ga SSH, `haproxy -c -f` ga HAProxy mai rarraba masu ziyara tsakanin sabobi, `visudo -cf` ga fayil ɗin sudoers mai faɗin wa ke da izinin amfani da `sudo`.