Yadda Namiji Ɗan Katolika Ke Shiga Ƙungiyar Barade ta Taimako da Hidimar Coci

Duk wanda ya taɓa halartar babbar Misa ya ga wasu maza cikin sutura iri ɗaya, wani lokaci har da takubba, sun jeru suna yi wa bishop rakiya, ya riga ya ga fuskar ƙungiyoyin barade na Katolika da ta fi ɗaukar ido. Sai dai wannan fuska kwana kaɗan take fitowa a shekara. Sauran kwanakin ɗan ƙungiya suna tafiya ne wajen jera kujeru a zauren coci, da tara abinci domin mabuƙata, da ziyarar marasa lafiya, da zama a taron da ake ƙididdige abin da ya shigo asusu da abin da ya fita. Cika takardar shiga ba ya cin sa'a guda, amma zaɓen reshen da mutum zai zauna a cikinsa shekara da shekaru yana buƙatar natsuwa, kuma a nan ne ya kamata mai niyya ya kashe yawancin lokacinsa.

Babbar cikin waɗannan ƙungiyoyi ita ce Knights of Columbus, wato Baraden Kolumbus, kuma sanin dalilin kafa ta yana taimaka wa mutum ya gane abin da za a nema daga gare shi. Fada Michael McGivney ne ya kafa ta a cocin Waliyiya Maryamu da ke New Haven, a jihar Connecticut ta Amurka, inda hukumar jihar ta ba ta takardar izini ranar 29 ga Maris, 1882. Mutanensa galibi baƙi ne da suka yi ƙaura daga Ayalan masu aikin ƙarfi a masana'antu, kuma idan maigida ya mutu, matarsa da 'ya'yansa kan shiga halin ni-'ya-su. Shi kansa McGivney ya ɗanɗana wannan, domin mutuwar mahaifinsa a 1873 ta sa ya dakatar da karatun zama firist na wani lokaci. Tsarin da ya fito da shi mai sauƙi ne: idan ɗan ƙungiya ya rasu, kowane mamba ya ba da dala ɗaya, a haɗa wa matar mamacin har dala 1,000. McGivney ya rasu a 1890 yana da shekara 38, an kuma ayyana shi Mai Albarka, wato matakin da ke gab da zama waliyi, ranar 31 ga Oktoba, 2020. A yau mambobin ƙungiyar sun haura miliyan 2, a rassa fiye da 16,000.

Abu na farko da mai niyya zai bincika shi ne wace ƙungiya ce ke aiki a ƙasar da yake zaune, domin Baraden Kolumbus ba su kai ko'ina ba. Suna da ƙarfi a Amurka da Kanada da Meziko da Filifin, sun kuma kafu a Folan da Yukiren da Faransa da Koriya ta Kudu. A Birtaniya akwai Knights of St Columba da aka kafa a Glasgow a 1919, a Ostireliya akwai Knights of the Southern Cross, ita ma ta 1919, a Ghana akwai Knights of Marshall ta 1926, a Najeriya kuwa akwai Knights of St Mulumba wadda Fada Anselm Ojefua ya kafa a 1953. A cikin Amurka ma akwai Knights of Peter Claver, wadda aka kafa a Mobile ta jihar Alabama a 1909 domin baƙar fata 'yan Katolika. Kowace na da kundin dokokinta, wasu sun fi wasu tsauri wajen ɗaukar sabon mamba, wasu ma sai an gayyaci mutum kafin ya nema. Matakan da za a bayyana a nan na Baraden Kolumbus ne, amma mai neman wata daga cikin sauran zai tarar da kamanni da yawa.

Sharuɗɗan shiga

Sharaɗin da aka rubuta gajere ne. Mai nema ya kasance namiji, ya cika shekara 18, ya kuma kasance ɗan Katolika mai bin addininsa a aikace, cikin haɗin kai da kujerar Fafaroma. Wannan ya haɗa da 'yan ikilisiyoyin Katolika na Gabas, irin su Maroniyawan Labanan da Katolikan Yukiren, waɗanda tsarin ibadarsu ya bambanta amma suna ƙarƙashin Fafaroma. Ba a tambayar yawan dukiya ko zurfin karatu, kuma mai aure da marar aure da firist duk suna iya shiga.

Maganar bin addini a aikace ita ce ke sa wasu maza ja da baya, suna ganin ba su isa ba. Abin da ake nufi shi ne mutum ya yarda da koyarwar Ikilisiya kan bangaskiya da ɗabi'a, yana kuma ƙoƙarin kiyaye ƙa'idodinta da aka sani: halartar Misa ranar Lahadi da ranakun da aka wajabta, furta zunubi a gaban firist aƙalla sau ɗaya a shekara, karɓar Jibin Ubangiji a lokacin Ista, kiyaye ranakun azumi, da tallafa wa coci gwargwadon hali. Ba za a zaunar da kowa a yi masa jarrabawar katekisim ba. Amma akwai abu biyu da bai kamata a ɓoye su ba. Idan auren mutum yana da matsala a dokar Ikilisiya, misali ya rabu da matarsa ya sake aure a wajen coci, ya fara zama da fadansa su duba lamarin kafin ya ɗauki fom, domin sau da yawa akwai hanyar gyara, kuma gara ya ji daga bakin firist cikin sirri da a tayar da zancen a gaban kwamiti. Na biyu shi ne ƙungiyar Freemason, wata tsohuwar ƙungiyar 'yan'uwantaka mai bukukuwan sirri. Ikilisiya ta haramta wa 'ya'yanta shiga cikinta tun 1738 a zamanin Fafaroma Clement na 12, kuma fadar Batikan ta sake jaddada haramcin a watan Nuwamban 1983, saboda haka ba a haɗa ƙafa biyu a nan.

Ka ga reshen da idonka kafin ka sa hannu

Reshe shi ne ainihin ƙungiyar a rayuwar mamba, kuma yawancin rassa suna jingine ne da farish ɗaya, wato ikilisiyar da fada guda ke kula da ita, ko farish biyu zuwa uku da ke maƙwabtaka. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tambayi fadanka ko ofishin coci wane ne shugaban reshe, wanda Baraden Kolumbus ke kira Babban Barde. Shafin ƙungiyar na intanet ma yana nuna rassan da ke kusa. Tambayar fada ta fi amfani a ganina, domin daga yadda zai amsa za ka gane ko reshen hannun damansa ne ko kuwa wani nauyi ne da yake haƙuri da shi.

Kafin ka nemi fom, ka roƙi a bar ka ka sa hannu a aikinsu ɗaya ko biyu a matsayin baƙo, ranar rabon abinci ko ranar gyaran harabar coci. A irin wannan rana ce ake ganin abin da ba a rubuta a takardar talla ba. Ka lura ko mutum biyar ne kullum ke ɗauke da aikin yayin da sauran suna nan a rajista kawai, ko akwai matasa a cikinsu, ko dattawan suna barin sabon shiga ya kawo shawara, da kuma yadda suke magana a kan ɗan'uwan da ba ya wurin. Ka tambayi sau nawa ake taro a wata da kuma tsawon lokacin da yake ɗauka. Ka tambayi ayyukan da suka yi a shekarar da ta wuce da inda kuɗin da aka tara ya tafi, domin reshe mai lafiya yana karanta rahoton ma'aji a taro kuma amintattunsa suna binciken littattafan kuɗi, ba zai ji haushin tambayar ba. Idan amsar da ka samu ta tsaya kan liyafa da jerin gwano, babu laifi ka leƙa reshen farish na gaba, tun da ba a tilasta wa mutum shiga wanda ya fi kusa da gidansa.

Mai iyali ya yi shawara da matarsa tun a wannan mataki. Ƙungiyar da aka kafa domin kare iyali ba za ta so ta zama dalilin da maigida ke ɓacewa kowace Asabar ba, kuma maraicen da za a ba taro daga lokacin gida ake yanko shi. Kuɗin shekara kuwa kowane reshe ne ke yanke nasa, don haka sakataren kuɗi ne zai faɗa maka adadin, da ko akwai kuɗin shiga na farko. Wanda hannunsa bai kai ba ya faɗa a fili, domin rassa da yawa suna sassauta wa ɗalibai da waɗanda suka shiga matsi.

Fom, ganawa da bikin karɓa

Takardar neman shiga ta Baraden Kolumbus ana kiranta Fom na 100. Tana neman suna da ranar haihuwa da adireshi da farish, sannan mai nema ya sa hannu cewa shi ɗan Katolika ne mai bin addininsa. Akwai gurbin sunan mamban da ya gabatar da kai, kuma yana da kyau ka zaɓi wanda ya san ka da gaske, domin shi ne zai zauna kusa da kai a tarukan farko ya riƙa faɗa maka wane ne wane. Daga nan kwamitin ɗaukar mambobi zai gana da kai. Hira ce ta sanin juna, inda za a tambaye ka sana'arka da abin da ya jawo ka da irin aikin da kake sha'awa, bayan haka reshen ya amince da shigarka a taronsa. Tun 2018 an buɗe hanyar yin rajista ta intanet, wadda ke ba mutum zama mamba nan take ko da bai da reshe tukuna. Hanyar tana da amfani ga wanda aikinsa ke yawo da shi, amma wanda ya tsaya a nan zai riƙa samun mujallar Columbia da saƙonni ne kawai, ba tare da ya san fuskar ɗan'uwa ko ɗaya ba, saboda haka ya nemi a mayar da sunansa wani reshe da zarar ya samu zama.

Ƙungiyar ta tsayu a kan ginshiƙai huɗu: sadaka, haɗin kai, 'yan'uwantaka da kishin ƙasa, kuma kowane yana da matakinsa. A da, matakai uku na farko bukukuwa ne daban-daban da ake yi a rufe, abin da ya sa wasu ke yi wa ƙungiyar kallon ta asiri. A shekarar 2020 aka haɗe su wuri ɗaya, aka mai da su biki guda na kimanin rabin sa'a wanda ake iya yi a cikin coci bayan Misa, mata da 'ya'ya da fada suna kallo. Ana yi wa sabbin shiga bayani kan ginshiƙai ukun, su yi alkawari, a ba kowannensu rosari, wato carbin addu'a, da ɗan tambarin maƙalawa a riga. Ba a buƙatar haddace komai, kuma sutura mai kyau irin ta zuwa coci ta wadatar. Daga ranar za ka fara jin gaisuwar da suke yi da Latin, Vivat Jesus, ma'ana Yesu ya rayu.

Shekarar farko

Kuskuren da sabon mamba ya fi yi shi ne ɗaya daga biyu: ko ya zauna shiru a bayan zaure yana jiran a kira shi har sha'awarsa ta huce, ko ya ɗaga hannu ga kowane aiki har ya gaji kafin wata shida. Abin da ya fi dacewa shi ne ya zaɓi aiki ɗaya da ya yi daidai da sana'arsa ko halinsa, ya riƙe shi har a san shi da shi. An kasa ayyukan gida huɗu, wato bangaskiya da iyali da al'umma da kare rai, kuma a ƙarƙashinsu akwai rabon rigunan sanyi ga yara, wanda aka fara a 2009, da tara abinci, da samar da keken guragu, da tallafa wa wasannin Special Olympics na masu naƙasar ƙwaƙwalwa, da taimakon ɗaliban da ke karatun zama firist. Akanta zai yi amfani a kwamitin kuɗi, mai gyaran lantarki kuma fada zai yi murna da shi fiye da yadda yake zato. Wanda zai yi aiki da yara ya shirya wa binciken tarihinsa da horo kan kare ƙananan yara, kuma kada ya ɗauki hakan a matsayin rashin yarda da shi, domin doka ce a kan kowa.

Mataki na huɗu, na kishin ƙasa, an ƙara shi ne a 1900, kuma daga cikin mambobinsa ake samun masu takubban nan. Ba dole ba ne, yana da nasa taron da nasa kuɗin, kuma kayan sawar, waɗanda aka sauya fasalinsu a 2017, mutum ne ke sayen nasa. Shawarata ita ce a bar shi sai an yi shekara ana aiki a reshe.

A Amurka da Kanada wakilin inshorar ƙungiyar zai nemi ganawa da sabon mamba, tun da inshorar rai ita ce gadon tsarin dala ɗaya na McGivney. Saurarensa ba ya wajabta saye, kuma zama mamba bai rataya a kanta ba. Haka kuma mai shiga ya sani cewa ƙungiyar tana da matsayi bayyananne a bainar jama'a kan zubar da ciki da kuma aure, bisa koyarwar Ikilisiya, amma ba ta tsayar da ɗan takara, kuma ba a yarda a mai da taron reshe dandalin jam'iyya ba.

Idan aiki ya mayar da kai wani gari, ba sai ka sake shiga daga farko ba. Ka nemi reshen sabon wurin, sakatarensa na kuɗi zai cika takardar canjin reshe, matakinka da shekarunka su biyo ka. Inda kuma babu reshe sam, maza kaɗan na iya zuwa wurin fadan farish da buƙatar a kafa, domin ba a buɗe reshe sai da yardarsa, shi kuma zai haɗa su da jami'in ƙungiyar mai kula da yankin, wanda zai faɗa musu adadin mutanen da doka ta nema kafin a ba su takardar kafuwa.