Sabon batir yana mutuwa? Ga yadda nake kama ɓarawon wuta a mota

Watan jiya wani Alhaji a unguwar Badariya ya aiko yaronsa da babur ya ɗauko ni tun da sanyin safiya. Corolla ce, batir na biyu ke nan cikin mako biyar, har ya je sun yi cacar baki da mai shagon. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, “Malam, wanga ma jabu na.” Na ce, “Alhaji, a yi haƙuri in auna tukuna.”

Na fi shekara 20 ina aikin rewaya a Birnin Kebbi, kuma yadda nake koya wa yarana shi ne su ɗauki batir kamar randa. In ka wayi gari ka tarar babu ruwa, ko mai ruwa bai zuba ba, ko wani na ɗiba da dare, ko randar ce ta tsage. Kowa na ukun yake fara zargi, alhali a sabon batir shi ne na ƙarshe da nake dubawa.

Kayan aikin ba su da yawa: mitar auna wuta da sifana lamba 10.

Fara da hannunka. Kama kan batir ka murɗa. In ya juya, ka samu laifi ɗaya tun ba a je ko'ina ba. In akwai farin gari ko kore a kansa, wanke da ruwan zafi, ka kankare har ƙarfen ya yi haske, ka ɗaure tam. Bi wayar at, wato baƙar wayar batir, har inda ta kama jikin mota, ka ga ko ta yi tsatsa. Masu buga ƙusa a kan batir don ya kama, don Allah ku bari, kan ba shi da tsada.

Sai awo, da safe kafin a tayar da mota. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6. In ka ga 12.2, rabi ya rage. Ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa. Yanzu a tayar. Mita ya kamata ta hau tsakanin 13.8 da 14.5 ko kusa da haka. Kunna fitilun gaba da AC, a ɗan taka totur, kada ta sauko ƙasa da 13. In ta tsaya a 12 da ɗoriya, altaneta, wato mai ruwan da ke cika batir, ba ta caji, amma duba fanbel kafin ka kwance ta, don sau da yawa shi ne ya saki. In ta wuce 15, dafa batirin take yi, za ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, wani lokaci har cikinsa ya kumbura.

Akwai gwajin da ake yi a gareji wanda ba na bari a yi a gabana, wato cire kan batir mota tana aiki don a ga ko za ta mutu. A zamanin Fijo 504 an sha yin haka an tsira. Motar yanzu mai kwamfuta, wutar na iya yin tsalle ta ƙona biren bos, wato kwamfutar motar, ka je neman ƙiba ka samo rama.

Motar Alhaji ta nuna 14.1, wato mai ruwa yana zubawa. Saura ɓarawo, kuma nan ne aikin yake son haƙuri.

Kashe mota, zare makulli ka kai shi nesa, rufe ƙofofi. Mayar da jar wayar mita ramin da aka rubuta 10A. Cire kan batir na baƙar waya, mai alamar ragi, ka sa mita tsakanin kan da batirin, yadda duk wutar da ke fita sai ta bi ta cikinta. Kada a kuskura a murɗa makulli a wannan hali, mitar ce za ta ƙone. Sai ka jira minti 20 zuwa 30, don kwamfutocin mota ba sa barci nan take. Ni lokacin nake shan shayina. Mota lafiyayya ba ta cika wuce am 0.05 ba. Ta Alhaji ta tsaya cak a 0.45.

Daga nan sai cire fis ɗaya bayan ɗaya, kana kallon mita, kana mayar da kowane wurinsa kafin ka taɓa na gaba. Wanda ka zare lamba ta faɗi, layinsa ɓarawon yake. Fis na cikin mota sai da ƙofa a buɗe, saboda haka ka danne makunnin fitilar ƙofar kada ta ruɗe ka. A tasa, na fitilun ciki ne ya faɗar da lambar. Na sa wayata a but tana ɗaukar bidiyo, na rufe, na buɗe. Ƙwan yana ci tar a rufe. Ashe ranar da ya ɗauko buhunan shinkafa daga Argungu an danne murfin da ƙarfi, makamin ya lanƙwashe, ɗan makunnin da ke cikinsa ya daina kashe fitilar.

Alhaji ya ce, “Wanga ɗan ƙwai?” Na yi masa lissafi. Ƙwan wat 5 yana shan kusan am 0.4, a kwana ɗaya am 10 ke nan. Batirinsa mai am 62 ne, kuma motar takan kwana uku ba a taɓa ta ba. Rabi ya tafi. Ranakun aiki kuma daga gida sai sakatariya, tafiyar da ba ta isa ta mayar da abin da aka sha ba. Irin wannan motar tana son a riƙa miƙe mata ƙafa, ko Jega ne a je a dawo.

Sauran ɓarayin da na saba kamawa su ne rediyon Android da aka haɗa kai tsaye da batir, tiraka, amfilifaya, da cajar waya da aka bari a soket mai wuta kullum. In ka zare fis duka lamba ba ta motsa ba, cire babbar wayar bayan altaneta, ka naɗe bakinta kada ta taɓa ƙarfe. Diyod ɗinta in ya lalace, da rana ta yi caji, da dare ta tsotse abin da ta zuba.

Sai duk wannan ya fita lafiya nake komawa kan randar. A cika batirin a na'urar caji, a ajiye shi kwana biyu ba a haɗa da komai ba. In ya sauko da kansa, ko ya faɗi ƙasa da 9.6 lokacin da ake ba mota kik, to ɗauki rasit ka koma shago. Yana faruwa, musamman wanda ya daɗe a kan kanta ya sha zafin Afrilu na Kebbi ba caji.

Na Alhaji dai makamin but muka gyara. Batirin farko da ya jefar a zaure ma na sa aka yi masa caji, yanzu yana cikin motar ƙanensa.