Yadda ake naɗe Iterator na Java cikin jeri mai jinkiri a Clojure

Iterator na Java, wato abin da ke miƙo abubuwan da ke cikin tarin bayanai ɗaya bayan ɗaya, ba ya komawa baya. Ka kira `.next`, ya miƙo abu, ya matsa gaba. Shi kuwa jerin Clojure, harshen da Rich Hickey ya fitar a 2007, ko sau nawa ka leƙa kansa abu ɗaya za ka tarar. Aikinmu shi ne sasanta su da jeri mai jinkiri, wato wanda ba ya ɗauko abu sai an nema.

Hanya mafi sauƙi ita ce `iterator-seq`, kuma yawanci ta wadatar. Sai dai tun fitowar Clojure 1.7 a 2015, tana ɗebo abubuwa rukuni-rukuni, 32 a tashi ɗaya. Matsala na tasowa idan Iterator ɗin abu guda yake ta sake cikawa yana miƙo maka, kamar yadda Hadoop, manhajar sarrafa bayanai masu yawa, ke yi. Tamkar mai shayi ne mai kofi ɗaya: kafin ka kurɓa ya zubar ya zuba na wani. A manhajar da nake kula da ita, ta lissafin wani dilan atamfa a Kantin Kwari, da haka za ta faru sai ka ga layi bayan layi duk kuɗin rasit ɗaya ne.

Don haka nakan rubuta nawa:

```
(defn jera [it kwafa]
  (lazy-seq
    (when (.hasNext it)
      (cons (kwafa (.next it))
            (jera it kwafa)))))
```

Duba inda `kwafa` take, wato aikin da za ka ba `jera` don ya kwafi kowane abu. Nan take ake ciro sunan kaya da farashi a zuba cikin taswirar Clojure (map, mai haɗa kowane suna da darajarsa) wadda ba ta canzawa, tun kafin a sake taɓa `.next`. Ita `lazy-seq` sau ɗaya tak take gudanar da abin da ke cikinta, ta adana sakamakon, shi ya sa mutum biyu za su bi jerin su ga abu iri ɗaya.

Da ka naɗe Iterator, ya zama na jerin. Kada wani sashe na manhajar ya ƙara kiran `.next` a kansa, in ba haka ba rasitai su ɓace shiru, ba ƙorafi.

Kada kuma ka ɗaure kan dogon jeri da `def`, wato ka ba shi suna na dindindin. Duk abin da aka karanta zai zauna a ma'ajiyar kwamfuta har ta cika.

Samarin da nake koya wa, a fayil suka fi tuntuɓe. Sukan mayar da jeri daga cikin `with-open`, mai rufe fayil da zarar an fita daga cikinta, fayil ya rufe, alhali ba a karanta komai ba tukuna. Ka gama aikinka a ciki da `reduce`, ko ka tilasta karatun da `doall` idan fayil ɗin ƙarami ne.